Daga Gidan Rumfa Zuwa Kalakuta

A ƙasar Hausa ba a cika raɗa wa gida suna ba, sunan mai shi ne yake bin sa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina fada, kuma har gobe Gidan Rumfa ake ce mata, duk da yawan sarakunan Haɓe da na Fulani da suka zauna a ciki bayansa. Haka Gidan Korau yake a Katsina. Ko da Turawa suka zo, al'adar ba ta sauya ba. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano a 1909, ya ji Hausa har aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa, gidan da ya zauna kuwa ya zama Gidan Ɗan Hausa.

Makaɗa da mawaƙanmu a kan wannan turba suka tashi. Baƙon da ya sauka Funtuwa a zamanin Alhaji Mamman Shata, gidan Shata zai tambaya, yaro ma ya raka shi. Haka Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Maradun, haka Ɗanmaraya a Jos. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna ƙera wa sarakuna da attajirai kirari ba su ga dalilin yi wa katangarsu kirari ba. A ganina wannan ba rashin dabara ba ne. Gidan mawaƙi rabinsa na jama'a ne: a zaure ake karɓar mai gayyatar biki, a nan 'yan amshi suke jira, a nan ake ɗaure kalangu a raba abin da aka samo.

Kalmomin gidan su ma kowace da zamaninta. Zaure, soro, shigifa, turaka da tsakar gida tsofaffi ne, sun girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Taga daga Larabci ta shigo. Sunan Keffi ma, garin da Abdu Zanga ya kafa wajen 1800, ana danganta shi da kafi, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi saboda mahara. Bayan 1903 sai ga bariki, siminti, bulo, silin, baranda, kicin da sito, duk daga bakin Turawa da leburorinsu. Wanda ya fi yin tasiri shi ne falo. Yau mai neman haya ciki da falo yake tambaya, baƙon da a da yake tsayawa a zaure kuwa yanzu har tsakiyar gida ake shiga da shi.

Sa wa gida laƙabi al'adar mawaƙan wasu wurare ce. Elvis Presley ya sayi Graceland a Memphis a 1957, amma da sunan ya tarar da shi, na wata mata ce mai suna Grace daga zuriyar masu filin. Michael Jackson shi da kansa ya raɗa wa gonar da ya saya a Kalifoniya a 1988 suna Neverland, daga tatsuniyar yaron da ba ya girma.

Sai dai babu wanda ya biya kuɗin suna da tsada kamar Fela Anikulapo Kuti. A lokacin gidansa yana lamba 14, titin Agege Motor Road, a Mushin ta Legas. A 1974 'yan sanda suka kama shi bisa zargin tabar wiwi, suka tsare shi a Alagbon, a wani ɗaki da fursunoni suke kira Kalakuta, sunan da ake dangantawa da wani mugun kurkuku na birnin Kalkata a Indiya. Da ya fito sai ya ɗauki sunan ya ɗora wa gidansa, ya kewaye shi da waya, ya ce wannan Jamhuriyar Kalakuta ce, ikon gwamnatin soja ya tsaya a bakin ƙofa. A ciki akwai makaɗansa da 'yan rawa da iyalansu, da ɗakin ɗaukar waƙa, da ƙaramin asibitin da ƙanensa Dokta Beko yake duba marasa lafiya.

Kalmar jamhuriya ba ta yi wa hukuma daɗi ba, waƙar Zombie da ya yi wa sojoji kuma ta ƙara wa wutar fetur. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, kwanaki kaɗan da kammala bikin al'adu na FESTAC, sojoji kimanin 1,000 suka yi wa gidan ƙawanya. Suka lakaɗa wa mutanen ciki duka, suka ci zarafin mata, suka banka wa ginin wuta, kayan kiɗa da faya-fayai suka ƙone ƙurmus. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, dattijuwar da ta jagoranci matan Abeokuta a gwagwarmayar ƙin haraji, aka jefo ta daga tagar bene. Ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu a Afrilun 1978. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Wannan hukunci abin kunya ne, kuma ba a goge shi ba har yau.

Fela ya koma titin Gbemisola a Ikeja, ya tafi da sunan. A can aka binne shi bayan rasuwarsa ranar 2 ga Agusta, 1997, kuma a 2012 aka mayar da gidan wurin adana tarihi, da taimakon gwamnatin Jihar Legas. Tufafinsa da takalmansa da ɗakin kwanansa suna nan, baƙi suna zuwa gani.

A namu ɓangaren kuwa, Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Muna kira ga gwamnatocin Zamfara, Katsina da Filato su zauna da iyalan waɗannan bayin Allah, a adana zaurukansu da kotso da kalangu da kuntigin da suka bari, tun waɗanda suka yi musu amshi suna raye.