Sauya tsarin waifa da fesa ruwan gilashin mota

Sauya tsarin waifa da fesa ruwan gilashin mota shi ne duk wani canji da ake yi wa makunni, wayoyi, rile ko famfon da ke sarrafa share gilashin gaban mota da wanke shi, domin su yi aikin da kamfani bai tsara musu ba tun farko. An fi yin sa a tsofaffin motoci waɗanda waifarsu ba ta da tsarin shara tana hutawa, ko waɗanda ba su da famfon lantarki. Da yake waifa na cikin kayan kariya na mota, kuskure a wannan aiki na iya hana direba ganin hanya a tsakiyar ruwan sama.

Tarihi

Waifar farko da hannu ake juya ta. Mary Anderson, 'yar jihar Alabama a Amurka, ta samu takardar haƙƙin ƙirƙira a shekarar 1903 kan wata na'ura da direba ke motsawa daga cikin mota. Daga baya aka fito da waifa mai aiki da zuƙar iskar inji, wadda kamfanin Trico na birnin Buffalo ya yi fice wajen ƙerawa. Matsalarta ita ce takan rage gudu ko ta tsaya idan direba ya taka totur sosai, misali wajen hawan tudu. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da injin waifa mai lantarki a 1926, sannan Trico ya fara sayar da na'urar fesa ruwa a 1936.

Tsarin shara da hutu ya zo ne daga baya. Robert Kearns, malami a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, ya nemi haƙƙin ƙirƙira a 1964 kan wata da'irar lantarki mai sa waifa ta share sau ɗaya, ta dakata, sannan ta sake sharewa. Ford ya fara sa irin wannan waifa a motocinsa a 1969. Kearns ya maka kamfanin a kotu a 1978, kuma a 1990 aka biya shi dala miliyan 10.2. Ya kuma yi nasara a kan Chrysler. An yi fim a kan rayuwarsa mai suna Flash of Genius a 2008.

Yadda tsarin yake aiki

Injin waifa ƙaramin injin lantarki ne da ke juya wani giya, giyan kuma ya motsa ƙarafan da ke kai hannun waifa gaba da baya. A yawancin motoci injin na da burushi uku, wanda hakan ne ke ba shi gudu biyu. Dokar Amurka mai lamba FMVSS 104 ta tanadi cewa gudu ɗaya ya kai aƙalla zagaye 45 a minti, ɗayan kuma aƙalla 20.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai son sauya tsarin shi ne makunnin ajiya da ke cikin injin. Idan direba ya kashe waifa tana tsakiyar gilashi, wannan makunni ne ke ci gaba da ba ta wuta ta wata waya dabam har ta sauka ƙasa. Da ta isa, sai ya yanke wutar ya haɗa injin da jikin mota, abin da ke tsayar da shi nan take. Duk wata na'ura da aka ƙara dole ta yi aiki tare da wannan makunni.

A motocin Jamus ana yi wa wayoyin lamba bisa ƙa'idar DIN 72552. Lamba 53 ita ce ta gudun farko, 53b ta gudu na biyu, 53a ita ke kawo wutar ajiya, 53c kuma ta famfon ruwa ce. Sauran ƙasashe ba lallai su bi wannan tsari ba. A wasu motoci makunni na kan wayar da ke kawo wuta, a wasu kuma yana kan wayar da ke komawa jikin mota, don haka na'urar da ta yi aiki a wata mota na iya ƙona fis a wata.

Ire-iren sauye-sauye

Ƙara hutu tsakanin shara. Ana sa wani ƙaramin akwati mai ƙidayar lokaci da rile a ciki. Yakan ba injin wuta na ɗan lokaci kaɗan, makunnin ajiya ya ƙarasa zagayen, sannan ya jira wasu daƙiƙoƙi. Masu haɗawa da kansu sukan yi amfani da guntun lantarki mai lamba 555, wanda kamfanin Signetics ya fitar a 1972, tare da wani maɓalli mai juyawa domin ƙara ko rage tsawon hutun.

Canza rile. A tsofaffin motocin Volkswagen irin su Golf da Transporter, ana cire rile mai lamba 19, wanda hutunsa ba ya canzawa, a sa mai lamba 99 a gurbinsa. Direba zai kunna waifa ya kashe, ya jira iya lokacin da yake so, ya sake kunnawa, sai rilen ya riƙe wannan tazara. Ba a yanke ko waya ɗaya.

Sa famfon lantarki. Wasu tsofaffin motoci da ƙafa ake taka famfon ruwansu. Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, da iskar tayar safaya take tura ruwa zuwa gilashi. Masu irin waɗannan motoci sukan sa ƙaramin famfo mai bolt 12 da maɓallin da ke aiki muddin ana danne da shi.

Haɗa fesawa da shara, ko raba su. Wasu na ƙara rile domin waifa ta tashi da kanta idan an fesa ruwa. Wasu kuma akasin haka suke so, wato ruwa ya fara jiƙa gilashi kafin roba ta taɓa shi. Wannan na da amfani a wurare masu ƙura, kamar lokacin hunturu a Yammacin Afirka, domin share busasshen gilashi na sa ƙura ta karce shi ta kuma cinye robar.

Canza bakin fesawa. Ana maye gurbin baki mai fitar da siririn ruwa da mai watsa shi a faɗin gilashi. Ana kuma sa bawul mai hana ruwa komawa tanki, domin ya fito da zarar an danna. A ƙasashe masu dusar ƙanƙara akwai baki mai ɗumama kansa.

Sa na'urar gane ruwan sama. Ana manna ta a cikin gilashi kusa da madubi. Tana haska gilashin da wani haske da ido ba ya gani, ta auna yawan wanda ya dawo. Idan akwai ɗigon ruwa, hasken da ke dawowa yakan ragu, sai ta tayar da waifa.

Motocin zamani

A sababbin motoci, sandar da ke gefen sitiyari ba ita ke kai wuta ga inji ba. Saƙo kawai take aikawa ƙwaƙwalwar mota ta hanyar tsarin sadarwa irin su CAN da LIN. Saboda haka yanke waya a sa rile na iya lalata ƙwaƙwalwar ko ya kunna fitilar gargaɗi. A irin waɗannan motoci da kwamfuta ake yin sauyin, ta mahaɗar OBD-II da ke ƙasan sitiyari. Ta nan ake iya kunna ƙarin shara ɗaya bayan wanke gilashi, ko tashin waifar baya idan an sa giyar ribas.

Haɗari da matakan kariya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ba injin wuta kai tsaye alhali makunnin ajiya ya haɗa shi da jikin mota. Hakan yakan ƙona fis ko ya narkar da waya. Masu rewaya sukan cire kan batir kafin su fara, su duba zanen wayoyin motar, su kuma sa wa kowace sabuwar waya fis ɗin da ya dace. Sa fis mai ƙarfi fiye da kima na iya jawo gobara. Ana kuma ɗaga hannun waifa daga gilashi lokacin gwaji, a nisanta yatsu daga ƙarafan domin suna da ƙarfin murƙushe su.

Ruwan da ake zubawa ma na da nasa haɗarin. Wasu ruwan wanke gilashi na ɗauke da sinadarin metanol, wanda shan sa ke makantarwa ko kisa. A 2010 hukumar kare lafiya ta Birtaniya ta danganta amfani da zallan ruwa a tankin da kamuwa da cutar huhu ta Legionnaires, saboda ƙwayar cutar na hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye. A Birtaniya, motar da waifarta ko na'urar fesa ruwanta ba ta aiki ba za ta ci gwajin shekara-shekara na MOT ba.