Siket Mai Keji a Idon Masu Zanen Barkwanci

A 1856 ne siket mai kejin ƙarfe, wanda ake kira kirinolin, ya mamaye kasuwannin Faransa da Ingila. Zobba ne na siririn ƙarfe da aka jera daga ƙugu zuwa ƙasa, kowane ya fi na samansa faɗi. Mace ta ɗaura, ta saki riga a kai, sai rigar ta buɗe kamar lema. Nan kakar masu zanen barkwanci ta yanke saƙa. John Leech a mujallar Punch ta Landan da Honoré Daumier a jaridar Le Charivari ta Faris sun shafe shekaru suna zana matan da suka maƙale a ƙofa, da waɗanda iska ke neman ɗagawa sama.

Hujjarsu ita ce tufar ba ta da amfani. Amma idan aka ƙura wa zanukan ido, sau da yawa namiji ne ke shan wahala a ciki: an matse shi a lungun keken doki, ko yana miƙa hannu ya kasa kaiwa ga matarsa. A ganina, abin da ya tsone musu ido shi ne filin da mace ta ci a titi da falo. Ga kuma batun matsayi. Zanukan da Matthew da Mary Darly suka buga a shekarun 1770, na tulin gashi mai tsayin hasumiya, masu hannu da shuni suka nufa. Kirinolin kuwa masana'anta ce ke yin sa da araha, har 'yar aiki ta saka irin na uwargida, kuma Punch ba ta gaji da zana 'yan aiki cikinsa ba.

Abin da zanukan ba su nuna ba shi ne sauƙin da kejin ya kawo. Kafin zuwansa, mace kan jibga fatari da yawa, wasu masu kauri da aka saƙa da gashin doki, ta yi ta jan nauyinsu. Kejin ya sakar mata ƙafa.

Haɗarin gaskiya wuta ce. Murhun ɗumama ɗaki a buɗe yake, yadin ba kauri, ga iska a ƙarƙashi tana hura shi. A 1871, 'yan'uwa mata biyu na marubuci Oscar Wilde, waɗanda suke uba ɗaya da shi, sun rasu bayan tufafinsu sun kama da wuta a wani taron rawa a Ayaland. A lokacin har kejin ya fara tsukewa, tudun siket ɗin ya koma ta baya, masu zane kuma suka bi shi can.