Tsaikon da ke cikin ganyen hatsi

Damanar bara ruwa ya ɗauke mana sati biyu cur a gonar baba. Da rana ganyen hatsi ya nannaɗe kamar tabarma, da asuba ya buɗe. Kakata, wadda ta ga yunwar El Buhari ta 1984, ta ce mini: "Ƙyale shi, ɗan nan, hatsi ya iya jira." Ni kuwa ɗan lakwal, sai na shiga neman abin da tsiro ke yi can ciki sa'ad da yake jiran. Ga tarihin da na tarar.

A 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere, waɗanda yau muke kira ƙwayoyin halitta. Bango kawai ya gani, don ɓawon matacce ne. Aka daɗe ana ɗaukar cikin ƙwayar kamar kunu a ƙwarya. Sai 1903 wani ɗan Rasha, Nikolai Koltsov, ya ce dole akwai zaruruwan da ke riƙe siffarta, a 1931 kuma Bafaranshe Paul Wintrebert ya raɗa musu suna sitoskelet. Ni dai tsaiko nake ce masa, irin wanda ake ɗora ma ɗakin kara.

Zato ne har 1962, lokacin da Paul Green a Amurka ya sa ma wani tsiron ruwa, Nitella, maganin kolshisin. Ƙwayoyin suka bar yin tsawo, suka kumbura kamar ƙwallo. Green ya ce ke nan akwai abin da ke nuna ma zaren bango, wato selilos, yadda zai naɗe ƙwaya kamar igiyar dami. Shekara guda bayan haka Ledbetter da Porter suka gan shi da madubin lantarki: 'yan bututai ne, mikorotubul, kaurin kowane kamar a raba milimita gida 40,000. A 2006 ƙungiyar su Paredez ta ɗauki hoton injinan saƙa selilos suna tafiya bisa bututan nan, kamar jirgi kan dogo.

To, ina maganar wahala? A 1997 Eun da Lee na Koriya suka nuna cewa wani zaren tsaikon, aktin, yana sake jeri cikin ƙwayoyin da ke tsaron 'yan ƙofofin ganye idan sinadarin fari, ABA, ya iso, lokacin da ƙofofin ke rufewa don kada ruwa ya tsere. A 2007 masana a Sin suka ga cewa in gishiri ya yi yawa, bututan sukan warwatse, daga baya su sake haɗuwa, kuma wannan rushewa da ginawar tana cikin abin da ke ceton tsiron. A 2015 aka gano furotin biyu, CC1 da CC2, masu taimakon sake ginin. Ashe tsaikon nan ba irin na ɗaki ba ne. Ya fi kama da bukkar makiyayi: a kwance, a sake kafawa inda hali ya kai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yawancin binciken nan a kan wata 'yar ciyawa aka yi shi, Arabidopsis, wadda ba ta taɓa cika rumbun kowa ba. Hatsinmu, mai jure rairayi da zafi, sai 2017 aka karanta kundin gadonsa, ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, wadda ke da cibiya a Sadore kusa da Yamai.

'Yan uwa ɗalibai, kaka ta san hatsi ya iya jira, amma ba ta da madubi. Mu da ke zaune a aji, wa muke jira ya zo ya duba mana tsaikon abincinmu?