Kalma ɗaya da ta hargitsa masu Node.js a 2013

1/ Masu rubuta manhaja da masu fassara ta zuwa Hausa, wannan zaren naku ne. A ƙarshen Nuwamba 2013 an yi wata rigima a kan kalma ɗaya tak, wakilin suna, har wani babban injiniya ya ajiye aikin da ya shekara da shekaru yana yi. Bari in kawo muku yadda abin ya faru.

2/ Akwai wani kod da ake kira libuv, ginshiƙi ne da Node.js ke tsaye a kansa. A cikinsa akwai bayanan da ake rubutawa don mutum ya karanta, kwamfuta ba ruwanta da su. A irin wannan bayanin ne aka kira mai amfani da manhajar da "him", wato an ɗauka namiji ne.

3/ Sai Alex Gaynor, wanda masu Python suka sani sosai, ya aiko da ɗan gyara: a cire "him" a sa "them". Shi ke nan fa. Bai taɓa ko layi ɗaya na aikin manhajar ba.

4/ Ben Noordhuis, ɗan ƙasar Holan, yana cikin waɗanda suka fi kowa ɗawainiya da libuv. Ya rufe buƙatar, ya ce ba ya sha'awar irin waɗannan ƙananan gyare-gyare. Isaac Schlueter, jagoran Node a lokacin, ya shigar da gyaran. Ben ya zo ya warware, hujjarsa ita ce ba a bi ƙa'idar neman amincewar masu kula da kod ɗin ba. Nan wuta ta tashi.

5/ Bryan Cantrill na Joyent, kamfanin da ke riƙe da Node a lokacin, ya yi rubutu a fili cewa da Ben ma'aikacinsu ne da sun sallame shi. To Ben ba nasu ba ne, a StrongLoop yake. Gyaran dai ya zauna, shi kuma Ben ba a daɗe ba ya sanar da ja da baya.

6/ Ni a ganina Alex na da gaskiya, kuma gyaran da ba zai ci minti ɗaya ba bai kai a yi masa taurin kai ba. Amma a yi wa mutum barazanar kora a bainar jama'a, mutumin da Turanci ba harshen uwarsa ba ne? Wannan an wuce gona da iri.

7/ Abin dariyar shi ne "they" na mutum ɗaya ba sabon yayi ba ne. Tun ƙarni na 14 yake cikin rubutun Turawa. Masu nahawu ne suka zo daga baya suka hana. A 1745 Ann Fisher, mace ce ma, ta rubuta littafin nahawu inda ta ce "he" ya isa ya wakilci kowa. A 1850 majalisar Birtaniya ta yi doka cewa kalmar namiji a rubutun doka ta haɗa da mace. Daga nan abin ya bi makarantu, ya bi ofisoshi, har ya iso cikin kod.

8/ Bayan rigimar guguwa ta juya. A 2017 kamfanin labarai na AP ya yarda da "they" a wasu wurare, jagorar rubutun Google ta masu manhaja ita ma shi ta zaɓa, a 2019 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya ce ita ce kalmar shekara. Ben kuwa ya dawo ta hanyar io.js, reshen da ya ɓalle a ƙarshen 2014 saboda ƙorafi kan yadda Joyent ke tafiyar da aikin, aka sake haɗewa a 2015.

9/ To mu fa? Namu ya fi nasu wuya. Bature in ya ce "you" ya gama, mu kuwa sai mun zaɓa: ka ko ki, kai ko ke. Duk manhajar da ta tambaya "Ka tabbata kana son gogewa?" ta riga ta yanke cewa namiji ne ke riƙe da wayar, alhali ƙila Hajiya ce ke duba cinikin ranar.

10/ Sai dai muna da abin da su ba su da shi. Muna da "a" da "an" da "ana": "A goge wannan?", "An aika saƙo." Muna da umarni kai tsaye: danna nan, shiga, rufe. Ga kuma "ku" na girmamawa, wanda muke gaida manya da shi tun fil azal, ba wanda zai ji baƙon abu in waya ta ce "Shigar da lambarku."

11/ Inda nake ganin masu fassara na shan wahala shi ne sanarwa mai ɗauke da sunan mutum. Manhaja ba ta san ko "ya aiko" za ta ce ko "ta aiko" ba, ga sunaye irin Amana da Nasara da ba sa nuna jinsi. Ni abin da nake yi shi ne in kauce wa aikatau ɗin gaba ɗaya, in rubuta "Sabon saƙo daga Amana."