YADDA BISHARA TA ZO GINDIN DUTSEN KUFENA

 Kwamitin biki ya roƙe mu mu rubuta ɗan tarihi domin wannan littafi na tunawa da cikar ikkilisiyarmu shekara 50. Mun ga ya fi kyau mu faro daga tushe, gama ikkilisiyar nan reshe ce, itacen kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya fito daga sujada ya ɗaga ido zai ga Dutsen Kufena. Mutane sun zauna a gindinsa tun zamanin da, har yanzu ana ganin burbushin tsohuwar ganuwa a wajen. Amma bishara ba ta nan ta fara shigowa ba. A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya taso daga Legas da abokan tafiya huɗu, cikinsu har da wani saurayin likita, Walter Miller, wanda iyayenmu suke kira Likita Mila. Ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wurin alhazai da fatake. Niyyarsu Kano. Da suka isa, Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su kwana uku su bar masa gari. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A can ɗayansu, Rabaran Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma ciwo ya mai da shi gida. A idon mutum tafiyar nan ta lalace ƙwarai.

Likita Mila bai haƙura ba. Ya sake dawowa, a 1905 kuwa ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnatin Turawa ba ta cika barin 'yan mishan su zauna a biranen sarakuna ba. Matasanmu da suke jin ana cewa gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauko bishara ta kawo Arewa, su lura da wannan.

A nan ne muke so mu ɗan dakata, gama a nan darasin yake. Likita Mila ya yi shekara fiye da 20 a cikin birni, waɗanda aka yi wa baftisma kuwa ba su da yawa. Da a yau ne, da kwamitin bishara ya ce a rufe tashar a kai kuɗin wani wuri. To, me yake yi duk shekarun nan? Yana duba marasa lafiya, yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, yana kuma riƙon yara a gidansa. Tare suke ci, tare suke addu'a safe da yamma, yana koya musu karatu, yana tsawata musu, an ce ma yana da zafi. Su kuma suna gyara masa Hausa. Umarnin da Ubangiji ya bari a Matiyu 28:19-20 bai tsaya ga tafiya da yin baftisma ba, ya haɗa da koya wa mutane su kiyaye dukan abin da ya umarta. Wannan kashi na ƙarshe shi ne mai cin lokaci, ba a yin sa a taron kwana uku. Sai an zauna da mutum.

Sai Allah ya buɗe wata ƙofa da ba wanda ya zata. A wajejen shekarun 1860 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda a cikin karatunsa ya ga girman da aka ba Annabi Isa, ya riƙa koya wa almajiransa haka. Aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watse, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi. Su ne ake kira Isawa. Suka riƙe abin da suka sani, ɗan kaɗan ne, suna miƙa shi daga uba zuwa ɗa har kusan shekara 50, ba fasto, ba majami'a. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka zo wurin Likita Mila suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Daga nan aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, aka sa Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, ya zauna da su. Garin ya fara haɓaka, sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya faɗa musu. Cikin 'yan shekaru mutane da yawa suka mutu, tilas aka tashi. Yaran da suka tsira aka kawo su Zariya.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, a ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen. Magina Hausawa suka gina Majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa da azara, irin ginin fada, tana nan tsaye har wa yau. Aka kafa makaranta da asibitin St. Luke. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, aikin da Likita Mila ya fi kowa ɗawainiya a kansa. Shi kansa bai zauna a Wusasa ba, ya koma Kano, ya rasu a Bukuru a 1952. A ganinmu ƙaurar nan ta zo da riba da hasara. An sami fili da sakewa, amma an bar maƙwabta a cikin ganuwa, sannu a hankali Bahaushe Kirista ya zama kamar baƙo a wurin danginsa. Har yanzu muna ɗauke da wannan tabo.

'Ya'yan da wannan ƙaramar jama'a ta haifa kowa ya san su. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ga babban asibiti da sunansa a Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa daga Isawa ya fito, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, ɗan mai bishara ne. Muna alfahari da su, amma kada mu manta da waɗanda ba a buga sunansu a jarida ba, katikis da malaman makaranta da ungozoma da 'yan Zumuntar Mata, waɗanda suka bi ƙauyukan Maguzawa a ƙafa da kan keke. Da shirin Sabon Rai Don Kowa ya zo a shekarun 1960, abin da ya koyar shi ne kowane mai bi mai shaida ne, ba fasto kaɗai ba. Yawancin dattawan da suka kafa ikkilisiyar nan a ƙungiyoyin addu'a na Sabon Rai suka koyi buɗe baki.

Mun sha gwaji. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, Kwalejin St. Paul ta zama Kwalejin Kufena, aikin tarbiyya da muka saba jingina wa makaranta ya dawo kan iyaye da majami'a. A watan Maris 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da dama. An sake gini, amma tsoro ya shiga, da yawa suka daina gaya wa maƙwabci dalilin begensu. Ba mu ce a yi gardama ko zagin addinin kowa ba, 1 Bitrus 3:15 ta ɗaure mu da tawali'u da ladabi. Amma shiru ma ba ladabi ba ne.

Da muka duba littafin rajista saboda wannan biki, mun ga yawancin ƙaruwarmu daga haihuwa ne da kuma waɗanda aiki ko karatu ya kawo Zariya. Mun gode wa Allah dominsu. Sai dai ajin masu neman baftisma ya ragu, yaranmu da yawa kuma ba sa iya karanta Littafin Hausa da aka sha wahalar juyawa. Saboda haka majalisar dattawa ta shirya, daga Lahadi mai zuwa, kowane gida da ya yarda zai ɗauki matashi ɗaya ko sabon tuba ɗaya har shekara guda, a ci abinci tare sau ɗaya a mako, a karanta Bisharar Markus, a kai shi ziyarar marasa lafiya, bisa ga tsarin 2 Timoti 2:2. Masu niyya su ba sakatare sunayensu bayan sujadar godiya. Muna kuma roƙon jikokin mutanen Gimi da suke cikinmu su zo a rubuta abin da kakanninsu suka faɗa musu, tun masu tunawa suna da rai.