Tarihin Izinin Sayar da Kayan Manyan Kamfanoni a Kasuwannin Intanet

Tun kafin a san intanet, dokar ciniki ta Amurka ta ginu a kan wata ƙa'ida da masana shari'a ke kira ƙa'idar cinikin farko, wadda ke nufin da zarar mai kaya ya sayar da hajarsa ya karɓi kuɗinsa, ikonsa a kanta ya ƙare, wanda ya saya kuma yana da damar ya sake sayar da ita ga wanda ya ga dama. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da wannan a shekarar 1908, lokacin da kamfanin ɗab'i na Bobbs-Merrill ya buga sanarwa a cikin wani littafinsa cewa ba a yarda a sayar da shi ƙasa da dala ɗaya ba, kantin Macy's na birnin New York kuma ya yi biris da sanarwar ya sa masa santi 89, kotu ta ce kantin bai keta haƙƙin kowa ba. A shekarar 1924 kotun ta yanke makamancin wannan hukunci a kan tambarin kasuwanci, wato suna ko alamar da kamfani ya yi wa rajista don a bambanta kayansa da na wasu, inda ta bai wa kamfanin Prestonettes damar ya sayi turaren Coty, ya ɗura shi a ƙananan kwalabe, ya rubuta sunan Coty a jiki, muddin ya faɗi gaskiyar abin da ya yi.

A kan wannan ƙa'ida kasuwannin intanet na farko suka kafu. An buɗe eBay a 1995 a matsayin dandalin gwanjo, Amazon kuwa, wanda ya fara da sayar da littattafai a wannan shekarar, ya gwada gwanjo a 1999 bai yi kasuwa ba, sai a ƙarshen shekarar 2000 ya fito da tsarin da ya sa 'yan kasuwa masu zaman kansu suna baje hajarsu a shafi ɗaya da tasa. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya bayyana wa masu hannun jari cewa kason waɗannan 'yan kasuwa a cinikin kayan da ake yi a dandalin ya tashi daga kashi 3 cikin ɗari a 1999 zuwa kashi 58 a 2018.

Sai dai ƙofar da aka buɗe wa mai kayan gaskiya ita ce mai jabu ya bi ya shigo, kuma rigimar wanda zai ɗauki alhakin haka ta ci shekaru a kotuna. Kamfanin kayan ado na Tiffany ya kai ƙarar eBay a 2004, amma a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa sanin da dandali ya yi a dunƙule cewa akwai jabu a cikinsa bai isa a kama shi da laifi ba, sai an nuna masa takamaiman hajar ya ƙi cirewa. A Turai lamarin ya sha bamban, domin a 2008 wata kotun kasuwanci a Faris ta umarci eBay ya biya rukunin kamfanonin LVMH diyyar kusan Yuro miliyan 40. A ɓangaren Amazon kuwa, tsarin ajiya da ya ƙirƙiro a 2006, inda ɗan kasuwa ke tura kayansa sito na kamfanin a riƙa aika wa masu saye, ya ƙara dagula al'amarin, saboda an riƙa haɗa kaya iri ɗaya na mutane daban-daban a wuri guda, har jabun wani ya isa hannun mai saye da sunan wani.

Shekarar 2016 ce ta sauya akalar sana'ar. Kamfanin takalma na Birkenstock na ƙasar Jamus ya sanar cewa zai janye kayansa daga Amazon na Amurka saboda jabu da masu sayarwa ba da izininsa ba, kuma a watan Agusta Amazon ya fara kulle wasu tambura, irin su Nike da Adidas, ta yadda sabon mai son sayar da su sai ya biya kuɗin da ya kai dala 1,500, ya kuma gabatar da takardar sari daga kamfanin ko daga dilansa da aka amince da shi. A nan ne ƙaramin ɗan kasuwa ya ji jiki, musamman wanda sana'arsa ita ce bin manyan kantuna yana kwashe kwantan da aka karya wa farashi don ya ɗora riba kaɗan. Takalmansa na asali ne, rasit ɗin kantin yana hannunsa, amma rasit ɗin mai saye ɗaiɗai ba ya cikin takardun da aka fi karɓa, dilan kuma ba shi da dalilin rubuta wa abokin gogayyarsa wasiƙar izini. Kayan na iya kasancewa sun riga sun isa sito, jarinsa ya maƙale, kuɗin ajiya na hauhawa, kuma ko dawo masa da su sai ya biya.

Ba a musun cewa yaƙi da jabu wajibi ne, domin jabun cajar waya ko na kayan shafa na iya yi wa mai saye mummunar illa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, takardar izini ba ta auna ingancin kaya, tana auna hanyar da kaya suka biyo ne, don haka ta zama makami a hannun kamfanin da ke son ya hana a karya masa farashi. Kotun Tarayyar Turai ma ta ƙarfafa wannan ɓangare a Disambar 2017, a shari'ar da reshen Coty na Jamus ya shigar, inda ta amince wa masu kayan alfarma su hana dilolinsu sayarwa a dandali irin na Amazon. Haƙƙin sake sayarwa bai gushe daga doka ba, amma ikon shiga kasuwar ya koma hannun mai dandali da mai tambari, waɗanda ke yanke shawara a tsakaninsu ba tare da ɗan kasuwa yana wurin ba.

Misali mafi bayyana shi ne yarjejeniyar da Apple da Amazon suka ƙulla a ƙarshen 2018, wadda ta sa daga Janairun 2019 sai dilolin da Apple ya lamunce wa ne kaɗai ke iya sayar da kayansa a dandalin. Hukumar kula da gogayyar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanonin biyu tara a 2021, wata kotu ta soke tarar a shekarar da ta biyo baya. A Yulin 2023 takwararta ta Sifaniya ta ci su tarar kimanin Yuro miliyan 194, bayan ta gano cewa yarjejeniyar ta fitar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'yan kasuwar da ke sayar da kayan Apple a dandalin Amazon na ƙasar.