Daga Mont Blanc zuwa Bagazam: Yadda Hawan Dutse Ya Zama Yawon Buɗe Ido

A watan Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Damagaram, har duwatsun da ke tsakanin Birni da Kara-Kara ba sa taɓuwa da tsakar rana, akwai masu goye da jakunkuna a Maroko suna taka dusar ƙanƙara don su kai ƙolin Tubkal, mai tsayin mita 4,167. A wajenmu dutse na fasawa ne a sayar wa magina, ko a raɓe a inuwarsa. To, yaushe hawansa ya zama abin da mutum zai kashe kuɗinsa ya je yi?

Abin ya samo asali ne a tsaunukan Alf na Turai. A 1760 wani masani ɗan Janeba, Horace de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya gano hanyar ƙolin Mont Blanc. Sai da aka shekara 26 kafin a samu mai ci. Ran 8 ga Agusta 1786 likita Michel Paccard ya kai, tare da Jacques Balmat, talakan ƙauye mai farauta da tonon duwatsu masu ƙyalli yana sayarwa. A 1821 jagororin garin Chamonix suka kafa ƙungiyarsu, kuma a 1857 attajiran Ingila suka buɗe kulob ɗin mahaya tsauni a Landan. Baƙo ke biya, shi kuma ake rubutawa a littafi, amma ɗan gari ke gaba da igiya.

Wanda ya raina ɗan gari kuwa ya sha wuya, kuma Sahara ta ga misali. A 1850 James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg suka taso daga Tarabulus za su ƙasar Hausa da Barno. Kusa da Gat, a watan Yuli, Barth ya nace sai ya hau dutsen Idinen, wanda Abzinawa ke cewa gidan aljannu ne. Suka hana shi, ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa, sai wani Ba'abzine ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Daga nan ayarin Abzinawan Kel Owi ya ratsa da su duwatsun Abzin. Richardson ya shigo Zinder a Janairun 1851, Barth kuma a Disambar 1852.

Tubkal na Maroko kuwa bai shiga littattafan Turawa ba sai ran 12 ga Yuni 1923, da Segonzac da Berger da Dolbeau suka hau shi, ko da yake makiyaya da mafarautan yankin sun daɗe suna yawo a waɗannan tuddai. Ƙarshen bazara har yau lokaci ne da ke neman gwaninta. Daga ƙauyen Imlil alfadarai ke ɗaukar kaya, amma inda ƙanƙara ta soma nan suke tsayawa, sauran kaya sai a goya. Da dare dusar kan daskare ta yi tauri, shi ya sa ake tashi kafin asuba, a ɗaura ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, a riƙe ɗan gatari a hannu. Da hantsi ya yi sai ta saki, ƙafa ta riƙa nutsewa har gwiwa, wani wuri kuma rafi na gudu a ƙarƙashinta ba a gani. Duk wanda ya san yadda madugu ke tayar da ayari cikin dare don gudun rana zai gane wannan lissafi. Mai son ganin tafkin Ifni sai ya ƙetare mashigi mai tsayin sama da mita 3,600, inda dusar kan daɗe ba ta narke ba.

Namu rabon ya zo ta Agadas. Daga shekarun 1970 Turawa suka soma zuwa Abzin, wani mai suna Mano Dayak ya buɗe kamfanin kai baƙi, tseren motocin Paris-Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ya ƙara tallata yankin, sannan UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Lokacin zuwansu hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A wancan zamani sukan hau tudun Bagazam a ƙafa, jakuna na biye da kaya, su kwana a ƙauyukan da ke saman tudun, su kai ƙolin Idukal-n-Taghes mai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. Dusar ƙanƙara ba ta zama a can, amma ruwa kan daskare a kwano kafin gari ya waye.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan sana'a ta mutu a tsaye. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya dakatar da ita, ta farfaɗo, na 2007 ya sake karya ta, sace ma'aikata a Arlit a Satumbar 2010 ya kori sauran baƙin. Mutanen da suka san kowane kududdufi da kowace 'yar hanya a Bagazam, da yawansu suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, wasu kuma suka bi zinariyar Jado da aka gano a 2014.